Dundumi a Bakin Kogin Kamala

Da rana ni ce Phulmati,
mai dashen shinkafa, laka har gwiwa,
mai zura zare a allura ba tare da runtse ido ba.
Amma da rana ta faɗa bayan itatuwan mangwaro
sai duniya ta naɗe tabarmarta, ta bar ni tsaye.

Cikina wata bakwai.
Surukata ta ce haka ciki ya gada,
ita ma ta yi a kan Sukdev:
"Ki sauka lafiya, ido zai dawo."
Na yi shiru. Na koyi ƙirga taku.
Daga murhu zuwa rijiya sha huɗu,
na sha biyar turken bauna ne,
ƙaurina ya san shi sarai.

Ran Talata gishiri na zuba wa Bikram a shayi.
Ya shanye, bai ce uffan ba.
Shekarunsa shida.
Shi ke jan hannuna da almuru:
"Ama, ga rami. Ama, ɗaga ƙafa, kwaɗo ne."

A gidanmu ni ke ci a ƙarshe,
ƙanzon shinkafa da barkono ɗaya,
in miya ta rage, to.

Sai ga Sarita a kan kekenta mai kuka,
da jakar asibiti ta Janakpur.
Ta ja fatar idona ƙasa, ta duba, ta daɗe.
"Wannan yunwa ce," in ji ta, "ta ido.
Bitamin A ya ƙare a jikinki,
ɗan cikin kuma yana yasar abin da ya saura."
Ta ɗaga kai ta nuna rufin ɗakina:
kabewa shida kwance suna shan rana.
Ta nuna gwanda, ta nuna alayyafo a bayan shinge,
ta ce a samo 'yar hantar akuya ran kasuwa.

Ni da ke sauke kabewar nan in kai bakin titi,
in sayo kananzir
don fitilar da ba ta nuna mini komai!

Kwana goma ina ci da ɗan mai,
surukata na harara, tana ƙara mini ludayi.

Yau da almuru na fito ɗebo ruwa,
sai ga turken, baƙi, da igiyarsa a zube.
Na gan shi tun daga nesa.
Bikram ya ce, "Ama, a hankali, mun kusa."
Ban faɗa masa ba tukuna.
Na bar hannuna cikin nasa.