Duniya a Kan Ƙusa Biyu

An rataye duniya da ƙusa biyu
a bangon ajinmu na Kongola.
Gara ta cinye gefen Ostireliya,
yoyon rufi ya ƙara wa Indiya wani teku,
fanka ta mutu tun bara.
Gumi na ɗiga a takarda,
mu kuwa muna rubuta labarin ƙanƙara mai narkewa.

Dakta Taiwe ya ɗauki sandar gora
yana fasa duniya kamar mahauci da rago:
ga cinya, ga haƙarƙari, ga wuya,
nan Turai, nan Gabashin Asiya.
Da Faransanci yake zubawa,
ni ina tara wa a gefen shafi da Hausa,
don abin da ban jiƙa da harshen uwata ba
a maƙogwaro yake tsayawa.

Makon Sibiriya na sha wuya.
Iyakar sanyin da na sani
shi ne ƙullin zoɓon Dada Habbaba a bakin ƙofa,
sefa hamsin, kafin ka ƙirga canji ya zama ruwa.

Da aka zo duwatsun Andis
sai na ɗora Haƙorin Mindif a kan Haƙorin Mindif,
na ɗora, na ɗora, har lissafi ya ɓace mini.
Ranar Amazon kuwa da ƙafa na tsallaka Mayo Kaliyawo,
yara na buga ƙwallo a tsakiyar cikinsa,
masu wanki sun tona rami suna jiran idon ruwa.
Na ce, kogi, an yi maganar yayanka yau.
Bai ɗaga kai ba, yana barci cikin rairayi da ƙishirwa.

Babinmu shi ne na ƙarshe.
Shafi goma sha ɗaya, har da hoton raƙumi.
Mun same shi saura kwana shida jarrabawa.

Da hutu na naɗe ƙaramar taswira zuwa Darak,
na shimfiɗa wa Kaka Ɗanjimmai a kan tabarma.
Ya goge ƙaiƙayin kifi a gefen riga,
ya ɗora yatsa a tsakiyar shuɗin tafki.
"Nan? Ai gonar wakena ce.
Shekarar da aka haifi ubanka, a nan na jefa birgi.
Bana kuma ya dawo ya ci mini kunya tara.
Wanda ya shafa shunin nan, ya taɓa zuwa?"

Na nuna masa Japan.
Ya ce, "Kwana nawa a kwalekwale?"
Na yi shiru.
"Suna cin kifi?" Na ce ƙwarai.
"Suna banda?" Na ce, watakila.
"To ka gaishe su. Dangi ne, nisa ce ta hana gaisawa."

Sannan ya naɗe mini duniyata, ya miƙo.
"Yankin naku ya yi yawa, jika.
Mutane uku ne a ƙasa:
mai ruwa, da mai jiran ruwa,
da wanda ruwa ya tasa yana korewa."

Ranar jarrabawa, tambaya ɗaya:
rarraba duniya yanki-yanki, ka kawo dalili.
Na jera na littafi, goma sha biyu, ban bar ko tsibiri ba.
Sai hannuna ya ƙi ajiye alƙalami.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
na sa ukun nan, kamar mai ɓoye goro a kasuwa.

Takarda ta dawo, sha ɗaya cikin ashirin.
An zagaye ukun da jan biro:
"Wa ya faɗa? Ina madogara?"

Dakta, madogarar ba ta da shafi.
Tana can tana ɗinkin koma da haƙori ɗaya,
kwana biyu ne daga nan in hanya ta bushe,
in ba ta bushe ba, sai ka tambayi ruwa.
Ni dai gobe ina nan, layi na uku, kusa da taga,
inda iska ke ɗaga Kudancin Amurka
ta sake ta, ta faɗa jikin bangon Marwa.