Alƙalamin Sinnar

A kasuwar Sinnar, wurin Mu'azu mai gyaran agogo,
na gan shi kwance cikin gwangwanin kusoshi,
baƙi, marfinsa da 'yar tsaga.
Da wasa na taya.
Wasan ya mai da ni Maiurno ba kuɗin cefane.

Ni fa makanikin injin ban-ruwa ne,
hannuna ya saba murɗa noti sai ya yi ƙara.
Daren farko na danne shi kamar biro,
bakinsa ya wage, takarda ta huje,
tawada ta bi ni har ƙarƙashin farce.
Rumaisa ta ce, "Baba ya sa lalle!"
ta ruga ta kai wa uwarta rahoto.

Na koma wa Mu'azu. Ko kai bai ɗago ba:
"Ba jaki ba ne, da sai an doka.
Ɗora shi kawai, ya san hanya."

Yanzu bayan isha
nakan wanke shi a kofin shayi,
in ga shuɗi na warwara cikin ruwa,
shuɗin da ake kiran koginmu da shi,
ban kuwa taɓa ganinsa a jikin kogin ba.

Ya sha ya ƙoshi, in goge masa baki.
Ba ni da wanda zan rubuta wa,
sai kuɗin man dizal, da masu bina bashi,
sai sunan mahaifina sau uku,
in jira ya bushe.

Aljihun jallabiyata ta Juma'a har yau da tabo.
Hajo ta gaji da dirza.
Na ce ta bar shi.