Bokitin Gishiri

Injin babana ya mutu ran sha tara ga Janairu,
ƙarfe uku da kwata na dare,
a filin ajiye motoci na gidan tsofaffi.
Sarƙa ta tsinke, faifai na ta juyawa
babu ko ƙwayar gishiri,
baki na motsi, ba magana.
Da asuba Marlys mai jinya ta fito da kofin shayi,
ƙasa ta zame mata.
Wuyan hannu, karaya biyu.
Ba ta kai ni ƙara ba.
Da ta kai, da na fi samun barci.

Yau ga Oktoba, ganye na zuba,
tafkin Superior ya fara haɗe rai,
ni kuma da takardar banki a aljihu
a shagon Delbert Kangas, bayan layin dogo.

Uku ya jera mini.
Na farko ja, fenti na ɗaukar ido, kuɗi da sauƙi.
Na ƙwanƙwasa cikinsa na saurara.
Gishiri ba shi da amini cikin ƙarafa,
wanda ya goya shi, shi yake fara ci.
Hunturu biyu, tsatsa ta gama walima.
Araha ba ta ado.
Na biyu roba ce mai kauri, launin toka,
wutarsa daga batirin mota,
ba fetur, ba tarin asuba.
Na uku ƙarfen da tsatsa ke jin nauyinsa.
Kuɗinsa kuwa,
Delbert ya faɗa yana kallon silin.

Ya buɗe littafi: nisan watsi ƙafa talatin,
garanti shekara biyu, maɓalli kaza...
Na ce, Delbert, rufe littafin.
Na koma akori-kura na sauko da bokiti.
Ba gishirin talla ba ne, fari sol kamar sukari,
nawa ne na bayan gareji,
wanda ya kwana a ƙarƙashin tamfol mai huda,
ya sha raɓa, ya daskare kamar bulo.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ja ya shaƙe a loma ta biyu.
Mai launin toka ya yi gurnani, ya girgiza kafaɗa,
ya haɗiye.
Na uku ya tauna ko murya bai ɗaga ba,
sai da zuciyata ta karkata.

Amma motata tsohuwa ce, na san ƙugunta,
na san nauyin da take ɗauka ba ta durƙusa ba
a gangaren da ke sauka tashar jiragen ruwa.
Sai na yi tambayar da ba ta cikin littafi:
in wani abu ya karye daren Kirsimeti,
wa zai ɗaga waya?

Ya yi shiru. Ya sosa gemu.
Kayan gyaran na uku daga Ohio suke zuwa,
kwana biyar, in hanya ta buɗe.
Na mai launin toka kuwa, ga su can a kanta, bayansa,
ƙura ma ta hau su.
Ya juya rasit, ya rubuta lambar gidansa.
Ya ce matarsa Lorna ba ta da nauyin barci,
in yi haƙuri da abin da za ta fara faɗa.

Babana Toivo yakan ce
mai zuba gishiri ba a yi masa godiya,
ladansa a wayi gari ba wanda ya tuna da shi.

Dusar farko ta sauko tsakiyar Nuwamba.
Ƙarfe uku na dare, filin nan dai.
Na danna maɓalli, ido na kan madubi.
Cikin hasken fitilar saman mota
gishiri ya buɗe kamar mafici,
yana ƙaras-ƙaras a kan kwalta.
Na zagaya sau biyu ta ƙofar ma'aikata.
Ta uku ba ta cikin kwangila.

Labule ya motsa a taga ta ƙasa.
Wani hannu ya ɗago,
ban ga ko wanne ba ne.