Akwatunan Tsoho Threlfall

A Whitby, saman kantin kifi,
inda tsuntsayen teku ke zagin masunta tun asuba,
tsoho Threlfall na da kwalayen takalma goma sha ɗaya,
babu ko wari guda a ciki.
Kalmomi ne. Shekara arba'in yana tara su
don wasan cike gurbi na jaridar Lahadi.
Masu harafi uku kan kanta, masu tara can ƙasan gado,
kowace an jera ta bisa wutsiyarta.
Yakan ce kowa ma ya san kalma ta goshi,
gwani ke kama ta ta jela.

Enid ta sha yi masa dariya.
Sai bara, ɓarin jikinta ya shanye,
magana ta zube mata kamar tsaba a yashi.
Abin da ta tsinta: tsawo, da ƙarshe.

Yau ta ɗaga yatsu huɗu,
ta zana E a kan bargo.

Ya jawo kwali, hannu na rawa.
Ingilishi bai da tausayi:
gida, ƙauna, lokaci, buri,
duk huɗu-huɗu, duk wutsiya ɗaya.
Ya ɗaga kati, ta girgiza kai.
Ya ɗaga wani, ta harare shi.
Har shayi ya huce.

Ashe kek take so,
na lemon tsami, wanda ya ɓoye bayan gwangwanin sukari.
Ya yanko mata babba.
Sannan ya mayar da ƙauna mazauninta,
daf da asara,
ya rufe kwalin.