Iyaka Ce Ke Tafiya

Ƙarfe biyun dare a Garwa,
fanka na ta juya zafi,
uwar garken asibitinmu ta ƙi tashi.
Saiwa ta cika maƙil,
ko allura ba ta da wurin faɗuwa,
alhali ga giga ɗari uku kwance fetal
a bayan katangar da na gina da hannuna
shekara huɗu baya,
lokacin da nake zaton na san cikin gobe.

Sai Kaka Hamajam ya faɗo mini a rai.
Gonarsa ta bakin Binuwai ba ta san siminti ba.
In ruwa ya ja, ya tuge turaku,
ya ƙara wa albasa taku goma,
ya rage wa masakwa.
Ya ce, ƙasa ɗaya ce, jikana,
iyaka ce ke tafiya.

Na kwashe sunayen marasa lafiya na adana,
tukuna na rushe.
Faifai biyu na zuba a rumbu guda,
na yanka wa saiwa nata,
na yanka wa takardun magani,
saura na bar shi saura,
ban raɗa masa suna ba.

Dijatu mai aikin dare ta leƙo da shayi,
ta dubi allo, ta ce,
wannan ɗan guntun fa, me ya yi maka
ka bar shi a waje kamar baƙo?
Na ce, zaure ne.
Mai tada na'ura da asuba yake zuwa,
ido bai gama buɗewa ba,
dole ya laluba ya ji ƙofa a inda ya saba.
An ce na zamani sun iya karanta taswirar rumbu.
Na ji. Amma nan wuta kan ɗauke ba sallama,
kuma ba na ajiye makulli
a cikin ɗakin da na kulle.

Ana kiran assalatu ta farka.
Sunan farko da ta nuna
na wani yaro ne daga Pitowa, mai zazzaɓi.

Bana saiwa ta sake cika, ranar kasuwa,
layi har bakin titi.
Ban kashe komai ba.
Na buga layi ɗaya na rubutu,
turke ya matsa taku ashirin,
shayina ko hucewa bai yi ba.