Tudun Bayan Coci

Daren Asabar na ɗaure wa Baba igiyar takalmi,
yadda ya ɗaure mini shekara arba'in da suka wuce.
Ya dube ni ya ce, "Na gode, baiwar Allah."
Baiwar Allah. Ni Ghislaine, 'yarsa ta uku,
wadda ya raɗa wa suna da bakinsa.

Zauren ƙauyenmu yana gefen Saguenay,
kogin da sanyi ya rufe wa baki tun Disamba.
Ciki kuwa ɗumi: murhu na cin itace,
rigunan sanyi sun taru a lungu kamar tumaki,
ga ƙamshin miyar wake, ga gumin 'yan rawa.
Réjean ya kafa goge ƙarƙashin haɓa,
matarsa na matsa akodiyon
kamar mai zuga wutar maƙera,
wani yaro na kaɗa cokula biyu a gwiwa.

Baba ya zauna, hannu a cinya,
idonsa kan abin da mu ba ma gani.
Sai na ji katakon daɓe yana amsawa kusa da ni:
dunduniya, yatsa, dunduniya, yatsa, yatsa.
Kai ya manta,
ƙafa ba ta manta ba.
Réjean ya hango, ya rage gudu,
gogensa ya bi sawun tsoho
kamar ɗan maraƙi bayan uwa.
Ba wanda ya tafa. An dai matsa, an ba shi fili.

Lahadi rana ta fito kamar mai jinya,
haske ba zafi.
Tudun bayan coci ya sha farin mayafi,
yara sun zane shi da sawun zamiya,
huluna ja da shuɗi suna gangarowa da ihu.
Ɗana Aurèle na jan katakonmu da igiya,
wanda Baba ya lanƙwasa wa goshi da tururi
tun kafin a kawo mana talabijin.

Baba ya shafa shi, ya tsaya kan wani tabo.
"Wannan nawa ne," ya ce. "Zan hau."
Likita ya ce a kula da ƙugunsa.
Yayata ta ce kada in kuskura.
Amma likita na birni, yayata na Montréal,
ni ce a kan tudu.

Na zauna gaba, mace mai furfura a gefen kunne,
ya zauna baya, ya rungume ni da gwiwoyi.
Aurèle ya tura.

Ƙasa ta suɓuce.
Iska ta mare ni, ƙanƙara ta cika mini hanci,
itatuwa suka ruga baya kamar masu bashi sun ga mai kuɗi,
katako na kuka, cikina ya hau wuya,
sai murya a bayan kunnena,
tsohuwar murya, mai ƙarfi, ta sassabe da sarar itace:
"Riƙe da kyau, Ghislaine! Ina nan!"

Mun kife a gindin tudu, kusa da shingen Madame Odile.
Muka kwanta rigingine cikin fari,
dariya na fita daga bakinmu tana zama hayaƙi.
Ban motsa ba. Na ji tsoron in motsa
sunan ya zube.

Ya tashi zaune, ya kakkaɓe gemu,
ya duba dama, ya duba hagu.
"Baiwar Allah," ya ce, "ina hanyar gida?"

Na nuna masa.
Gobe da asuba zan tada motar 'yan makaranta,
in kankare gilashi da yatsu masu zogi,
in ƙirga kwana biyar.
Réjean ya ce zai sake sabuwar tsirkiya.
Na jingine katakon a bakin ƙofa,
ban mai da shi rumbu ba.