Rijiya Goma Sha Tara

Rijiya goma sha tara mahaifina ya haƙa
tsakanin Daura da Mai'aduwa,
da dagi, da igiya, da ƙarfin kafaɗa.
Bai bar takarda ba.
Sunaye ya bar mini:
ta Gindin Gawo, Mai Kwaɗi, ta Rantsuwa,
da wadda ya ce ruwanta ya fi kindirmo.

Bara na fita nemansu da wayata.
Ina wuce Koza sai ta yi mini barka da zuwa Nijar,
alhali ƙafata na cikin gonar kawuna.
Kafin azahar caji ya mutu.
Na dawo da ƙarangiya a wando,
rijiya ko ɗaya.

Shi ya kai ni shagon Barmo, bayan tasha.
Ya hure ƙura, ya jera mini uku a kan gilashi.

Ta farko faffaɗa ce, shafa ta ake,
tana magana da muryar mace,
ta san titunan biranen da ba zan taka ba.
Kuɗinta ya sayi rago har da tunkiya.
Na fitar da ita rana, fuskarta ta dushe,
ni kaɗai na gani a ciki, ina zufa.

Ta biyu kamar kwalin ashana,
rubutunta jerin cinnaku.
Idon da ya sha alli shekara talatin
ba ya farautar cinnaku.

Ta uku rawaya ce, ƙatuwa kamar sabulun wanki,
rigar roba, madanni biyar, tabo a gefe.
Wani mai awon fili ne ya gaji ya sayar.
Ba ruwanta da sabis.
Taurarin da mutum ya rataya take saurare,
abincinta batiri biyu irin na rediyo,
wanda kowane mai tireda ke da shi
ko a ƙauyen da ba a kai wuta ba.

Barmo ya ce, "Malam, wagga ba ta da kwalliya."
Na ce, "Ni ma haka."

Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya dubi rufi.
Na ɗauki hulata, ya ce in zauna.
Muka tsaya a kan kuɗin gero buhu biyu,
da igiyar wuya gyara.

Ina ƙirga kuɗi ya rage murya:
"Takan yi kuskuren taku uku, ko biyar.
Kuma ba ta san inda rijiya take ba.
Inda ka tsaya kawai take riƙewa."
Na ce, "To mi na saya?"
Ya ce, "Mai riƙon amana. Boka kake so?"

Ran Asabar na fita da sassafe.
Kibiyar ta nuna arewa, ta tsaya nan,
iyakar saninta ke nan.
Wata tsohuwa mai ɗaurin awaki, Tabawa,
ta ji sunan Sallau mai rijiya,
ta ajiye dusa, ta shige gaba ba magana.

Gawon ya faɗi tuni.
Kwari ne kawai a cikin yashi, da tumfafiya.
Ta tona da sandarta har siminti ya fito,
ga shatin tafin hannu a jikinsa,
ƙaramin yatsa a karkace, irin nawa.

Na danna.
Lambobi suka fito, dogaye, babu ruwa a cikinsu.
Ta nemi suna.
Da madanni biyar, harafi bayan harafi,
na daɗe a tsugune ina rubuta Gindin Gawo,
Tabawa na cewa awakinta ba su ci ba.

Saura goma sha takwas.
A aljihun dama batiri huɗu,
a na hagu goro, na tsofaffi.